Dalilin da Ya Sa Muke Yada Zango a George Inn

Assalamu alaikum, abokan hulɗarmu masu daraja.

Tun da muka fitar da jadawalin yawon buɗe ido na yankin birnin Bath, wanda ya haɗa da zango a George Inn, wasunku ke kiranmu da tambaya guda: me zai kai mu mashaya? Kuna da gaskiya da kuka tambaya.

George Inn yana ƙauyen Norton St Philip ne, a Somerset ta Ingila, kudu kaɗan da Bath. Ana sayar da giya a ciki, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma asalinsa masaukin fatake ne. Malaman Kirista na gidan ibadar Hinton ne suka gina shi, tsakanin ƙarni na 14 da na 15, domin masu zuwa cin kasuwar ulu su sami wurin kwana da ajiyar kaya. Duk wanda ya san aikin fatoma ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ginin ne ya ja mu. Ƙasansa dutse ne zalla, mai kauri. Benaye biyu na sama kuwa daga baya aka ɗora su, da katakai a jere, an shafe tsakaninsu fari fat, kuma kowanne ya zarce na ƙarƙashinsa, ya leƙo kan titi. Hatta rufin ma fallayen dutse ne. Ku ratsa ƙofar ku ga tsakar gidan: ga barandar katako, ga wata 'yar hasumiya da matakala ke murɗawa a cikinta. A ganinmu nan ne wurin ya fi kyau, amma yawancin baƙi daga titi suke ɗaukar hoto su wuce. Hukuma ta sa shi a sahun farko na gine-ginen tarihi, ba a taɓa shi sai da izini.

A nan wani basarake, Duke na Monmouth, ya sauka a watan Yunin 1685, yana tawaye ga baffansa Sarki James na Biyu. Ran 6 ga Yuli aka murƙushe shi a yaƙin Sedgemoor, ran 15 aka sare kansa a Landan.

Saboda haka zangon yana nan. Daga titi da tsakar gida za mu yi bayani, ba mai shiga ɗakin sha. Abinci na halal da sallar Azahar sai mun koma Bath. Wanda duk da haka ransa bai kwanta ba, ya sanar da mu tun wajen yin rajista, direba zai zauna da shi a mota.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Ma'aikatan ofishin tafiye-tafiye