Kafin tankar yaki ta bi ta kan kufai, a fara sanin abin da ke kwance a kasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ranka ya dade a bani dan fili in yi magana akan wani abu da ya jima yana cina a rai, wanda nasan da yawa zasu ce ina ruwan soja da shi, wato kufai da tsofaffin makabartu da sauran kayan tarihi da ke binne a cikin barikoki da filayen da sojoji ke atisaye. Ni malamin tarihi ne, kuma duk sanda na dauko maganar nan a aji sai dalibai su ce haba malam, inda ake harba igwa kullum me zai rage? Nima a da haka na dauka, sai da na zauna na bi abin a tsanake.

Abin da ya fi cinye kufai a duniya garma ce da katafila. Tarakta ta bi gona shekara da shekaru tana juya kasa, tsingaro ya farfashe, tudun kabari ya baje, sannan gari ya fadada a zo a zuba kankare a kai, shikenan an rufe babin. To filin soja an kewaye shi da waya, ba noma ba gini ba mai shiga ya yi tono da daddare, shi yasa zaka ga abin da ya bace a wajen waya yana nan lafiya lau a cikin waya.

Dauki Salisbury Plain a kudancin Ingila, kusa da duwatsun nan na Stonehenge. Tun 1897 sojan Birtaniya suka fara sayen filin, yanzu ya kai wajen hekta 38,000, kuma a cikinsa akwai wuraren tarihi sama da 2,000, daga dogayen tuddan kaburbura na mutanen da suka rayu kusan shekara 6,000 da suka wuce har kauyukan zamanin Rumawa da har yau ana gane lungunansu da iyakar gonakinsu a fuskar kasa. Irin wadannan a gonakin da ke makwabtaka garma ta dade da shafe yawancinsu. Haka a China Lake ta jihar Kaliforniya a Amurka, inda sojan ruwa ke gwajin makamai tun 1943, akwai dubban zane-zane da mutanen farko suka sassaka a jikin duwatsun Coso, yawanci hoton ragon dutse mai manyan kaho, tun 1964 gwamnati ta sa wurin cikin manyan wuraren tarihin kasar, kuma saboda ba a shiga sai da izini da dan rakiya, masu rubuta sunansu da fenti a jikin dutse basu samu yadda suke so ba.

Amma fa waya kadai bata isa ba, kuma nan ne ainihin abin da ya sa na dauki alkalami. Direban tanka ba zai kauce wa abin da bai san yana wurin ba, rashin sani ya fi dare duhu. Abin da ya faru a Babila, tsohon birnin nan na Iraki, har yau in na tuna raina baci yake. A 2003 sojojin Amurka suka kafa sansani a tsakiyar kufan birnin, kilomita kamar 85 kudu da Bagadaza, daga baya suka mika wa sojojin Poland. Da John Curtis na gidan tarihin Birtaniya ya je ya duba a karshen 2004, rahoton da ya fitar a farkon 2005 ya nuna manyan motoci sun farfasa daben tubali na hanyar da aka shimfida shekara 2,600 da suka wuce, an haka dogayen ramuka, an zuba tsakuwa an daddale don jirage masu saukar ungulu da wurin ajiye motoci, an cika buhunan kariya da kasar da ke dauke da tsingaro da kasusuwa. Wannan na karshen wallahi shi ya fi min ciwo, domin mai tonon tarihi hawa-hawan kasa yake karantawa, na kasa ya girmi na sama, to in ka kwashe ka gauraya ka zuba a buhu ko an dawo da ita ba mai iya karanta ta kuma. Kuma ba wai da mugunta aka yi ba, ba a tambayi masu sani bane kafin a sa shebur.

Aikin safiyon kansa, wato bin fili a gano inda kayan tarihi suke kafin a taba kasa, ba wani abin tsoro bane. Mutane ne ke jeruwa sahu da tazara tsakaninsu suna tafiya ido a kasa, in an ga tsingaro ko gatarin aradu ko dutsen nika ko kashin makera sai a dauki lambar wurin da GPS. Inda ciyawa ko ganye ya rufe sai a rika haka kananan ramuka jefi-jefi a tankade kasar da rariya. Yanzu ma akwai na'urar lesa da ake dora wa jirgi ta auno tudu da kwari ko da itatuwa sun lullube, ganuwa ko tsohuwar hanya sai ta fito fili a kwamfuta, ga kuma rada mai leka cikin kasa ba tare da an tona ba. Bambancin filin soja daya ne, akwai bama-baman da aka harba basu fashe ba, don haka dole masu kwance bam su shiga gaba, wani wurin ma ba a shiga sam. In an gama sai a zuba komai a taswirar da kwamanda ke amfani da ita, a kafa turaku ko alamar hana tono, mai shirya atisaye ya duba ya ce ramin buya a matsar dashi can, tanka ta bi ta nan. Galibi ma ba a tono abin, barinsa ake inda yake, kuma ba a yayata wurin don kar barayin kayan tarihi su ji.

A Amurka doka ce ta tilasta hakan. Dokar 1966 ta ce duk hukumar tarayya, har da soja, sai ta duba illar aikinta ga wuraren tarihi kafin ta fara, kuma ta san abin da ke filinta. Ta 1979 ta sa tono ko kwasar kayan tarihi a filin gwamnati ba izini ya zama laifi, ta 1990 kuma ta ce kasusuwa da kayan kabarin 'yan asalin kasar a mayar wa jikokinsu. Sannan yarjejeniyar Hague ta 1954, wadda kasashe sama da 130 suka shiga, ta bukaci tun lokacin zaman lafiya kowace runduna ta tanadi kwararru kan kare kayan al'ada. Kasashe nawa ne suka sa hannu suka jefa takardar a durowa?

Nasan wani zai ce soja aikinsa tsaron kasa ne, kar a mayar masa da bariki gidan tarihi. Gaskiya ne, kuma ban ce a hana atisaye ba. Amma sojan da ya saba a gida yana ganin alama ya kauce, shi ne in an kai shi wata kasa ba zai girke motarsa akan makabartar mutane ya jawo wa rundunarsa bakin jini ba. A barikin Fort Drum na jihar New York, Dakta Laurie Rush da abokan aikinta har kufai na kwaikwayo suka gina wa sojoji su koyi ganewa, kuma a 2007 aka raba musu katin karta mai hotunan wuraren tarihi na Iraki da Afganistan da gajerun gargadi. A Birtaniya kuwa tun 2011 shirin Operation Nightingale ke daukar sojojin da suka samu rauni a fagen fama suna tono tare da masana, a Barrow Clump, wani tudun kabari a Salisbury Plain da wasu dabbobi dangin dage suka dinga haka suna fito da kasusuwa, su suka tono makabartar karni na 6, har da mashi da garkuwoyin wadanda aka binne. Mutum ya dawo daga yaki da tabo a jiki da zuciya, ya durkusa da dan buroshi yana share kasa daga fuskar wani mayaki da ya rasu shekara 1,500 baya, ni dai abin yana taba ni matuka.

Kuma tarihin ba na mutanen da can kadai bane. Yawancin filayen nan an tashi wasu ne kafin a kewaye su, kamar kauyen Imber da ke cikin Salisbury Plain wanda aka kwashe mutanensa a 1943 kuma basu koma ba, cocinsu na nan ana bude shi 'yan kwanaki a shekara. Wanda kakansa ke kwance a bayan waya yana da hakkin a sa kabarin a taswira, a ware masa ranar ziyara.

Rokona ga shugabannin rundunoni da hukumomin kula da kayan tarihi ko a wace kasa suke, kafin a fadada bariki ko a bude sabon filin harbi a bar masu safiyo su fara taka wurin, a ba daliban jami'a izinin shiga lokacin da ba a atisaye, a nada ko da jami'i daya ne a kowane babban sansani da zai rike taswirar. Ku kuma Edita dan Allah ku tura wakilinku ya tambayi kakakin soja ko suna da irin wannan taswira, ku buga mana amsar da ya bayar.

Na gode.

Naku,
Wani malamin tarihi mai karanta jaridarku kullum