Shekara 18 a takarda, amma wa ke tabbatar da ita?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da shekarun yaranmu a gaban shari'a.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Sashe na 29 na tsarin mulkin 1999 shi ma 18 ya ambata, sai dai ya ƙara da cewa matar aure ana ɗaukarta ta cika shekaru, abin da ya tayar da ƙura a Majalisar Dattawa a 2013. A Penal Code, wato kundin hukunta laifuka da Arewa ta daɗe tana aiki da shi, ɗan ƙasa da shekara 7 ba a kama shi da laifi, tsakanin 7 da 12 kuwa sai an duba hankalinsa. Masu cewa 18 tsarin Bature ne su tambayi malamanmu: a mazhabar Malikiyya, in alamomin balaga ba su bayyana ba, shekara 18 ake jira.

Duk wannan na yarda da shi. Damuwata ita ce, wa ke tabbatar da shekarun?

Na yi shekaru ina shugabantar makarantar firamare. Uba ya kawo yaro, ka tambayi ranar haihuwa, ya ce ai shekarar da ruwa ya ci gonaki ne, bayan Sallar layya. Sai mu ce yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa, in ya kamo mu rubuta 6. Da wannan lissafin yaro zai girma. Ranar da tsautsayi ya afka masa, wanda ya kama shi zai dubi tsayinsa da ɗan gashin bakinsa ya rubuta 19, shi ke nan an haɗa shi ɗaki ɗaya da manyan masu laifi. Uwarsa ta rantse ta kuma rantsewa cewa bai wuce 15 ba, amma ba ta da takardar nunawa.

Duk mun ga abin da ya faru ranar 1 ga Nuwamba 2024 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, inda aka gurfanar da yara daga Kano da Kaduna kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Wasu suka yanke jiki suka faɗi saboda galabaita, aka sa belin naira miliyan 10 kan kowannensu, lauya mai gabatar da ƙara kuma ya ce ai manya ne. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu. To waɗanda kyamara ba ta gani ba fa?

Roƙona ga gwamnoninmu da sarakunanmu, a sa masu unguwanni da limamai su riƙa tura sunan kowane jariri ga Hukumar Ƙidaya tun ranar suna, ungozoma ma a ba ta littafi. Alƙalai kuma, in aka yi jayayya kan shekaru babu takarda, a ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin yaro har sai mai ƙara ya kawo hujja.

Naku,
Tsohon hedimasta, Zariya