Wasiƙa daga Garwa zuwa Injamena

Assalamu alaikum, aminina Malam Isa.

Da fatan kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Mu nan Garwa sai godiyar Allah, zafi ne dai kamar kullum.

Wata damuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ɗan yayata da ke Jami'ar Ngaundere ya dawo gida a tsakiyar shekara ta biyu, yanzu kabu-kabu yake yi. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Kuɗin rajista sefa 50,000 mun haɗa mun biya, tunda ana karɓa kashi biyu. Hayar ɗaki a Dang, inda jami'ar take, da abinci, da kuɗin kwafin darasi, su suka kayar da shi. Waɗannan kowane wata suke zuwa, ba sa jiran a sayar da auduga.

Ka san kafin gyaran tsarin jami'o'i na 1993 gwamnatin Kamaru na ba ɗaliban jami'a bursi, wato kuɗin tallafin karatu. A shekarar aka soke, aka kawo kuɗin rajista. Ku ma a Cadi an yanke naku a 2016, lokacin da farashin mai ya faɗi. Yanzu akwai kyautar hazaƙa ta sefa 50,000 da ake ba masu maki mai kyau, kuma ban raina ta ba. Amma sau ɗaya take zuwa a shekara, bayan sakamako ya fito. Wanda yunwa ta kora a watan Fabrairu ba ya nan balle ya karɓa. Ɗan mai hali da ke kwana da cikinsa cike shi ya fi samun sukunin cin makin.

'Yan mata abin ya fi yi musu ciwo. Da zarar gida ya matse, ita ake fara cewa ta haƙura, sai maganar aure ta biyo baya.

An buɗe jami'a a Marwa a 2008, ga tamu ta Garwa tun 2022, kusancin gida ya rage wa wasu haya. Sai dai ba kowane fanni ake samu a kusa ba.

Shawarata ita ce mu 'yan ajinmu mu kafa asusu, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk ƙarshen wata, mu ɗauki hayar ɗaki da cefanen yara biyu har su gama. Mutum shida sun amince. Ka duba aljihunka, ka sanar da ni kafin Oktoba a koma karatu.

Ka gaida mutan gida.

Naka,
Bello