Kullutun Mama: Rashin Zafi Ba Hujjar Zama a Gida Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana kan kullutun da mata kan ji a cikin mama, domin ma'aunin da yawancinmu muke dogara da shi kafin mu nufi asibiti, wato zafin ciwo, yana yaudarar mutane a wannan lamari, kuma yaudarar tana cin rayuka.

Mafi yawan kullutun da ke fitowa a mama ba ciwon daji ba ne, kuma ya dace a faɗi haka a fili, saboda tsoro kansa yana hana mata zuwa a duba su. 'Yan mata da matan da ba su wuce shekara 35 ba sukan sami wani kullutu mai santsi da ke zillewa a ƙarƙashin yatsa, wanda galibi ba ya cutarwa. Akwai kuma jakar ruwa da kan taru a mama, wadda takan ƙara girma da tsami gab da jinin al'ada. Mai shayarwa ma nono kan daskare mata, wani lokaci ya zama ƙurji mai zafi da ja da zazzaɓi.

Sai dai kullutun daji a farkonsa sau da yawa ba ya ciwo ko kaɗan. Yakan kasance mai tauri, gefensa ba shi da tsari, kuma yakan ƙi motsi idan an taɓa shi. Matar da ta ji irinsa sai ta ce ai ba ya damunta, ta bar shi wata da watanni, har sai fatar wurin ta kumbura ta yi ramuka kamar ɓawon lemo, ko kan mama ya shige ciki, ko jini ya riƙa fita daga gare shi, ko kaluluwa ta fito a hammata. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamomi ta isa dalilin ganin likita a cikin makon, haka nan duk wani sabon kullutu, musamman wanda bai baje ba bayan al'ada ta ɗauke, ko wanda ya fito wa matar da ta daina al'ada. Mai ciki ko mai goyo kada ta ɗauka cewa kowane kullutu nono ne. Idan an sha magani bai tafi ba, a koma. Maza ma kan kamu da dajin mama, ko da yake kusan ɗaya ne cikin ɗari na masu cutar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da dajin mama, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Najeriya shi ne dajin da ya fi kama mata, kuma abin takaicin shi ne da yawa ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa. Shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 yana neman a kammala binciken wadda ta zo da alama cikin kwana 60, domin dajin da aka kama da wuri galibi ana warkar da shi.

Akwai wata magana da ta yaɗu a tsakaninmu, cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, wai da zarar an taɓa shi sai ya bazu. A ganina wannan magana ta fi komai ɓarna. Hannu kaɗai, ko na ƙwararren likita ne, ba ya iya tabbatar da ko kullutu daji ne. Shi ya sa bayan likita ya duba, ake ɗaukar hoton mama, sikanin ga masu ƙarancin shekaru, mamogiram, wato hoton X-ray na mama, ga waɗanda suka kai kimanin 40, sannan idan da buƙata a ɗebi ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Abin da ya sa mutane ke zargin allurar shi ne, ana kai mara lafiya ne bayan ciwon ya riga ya yaɗu, sai a ɗora laifin a kan abin da aka yi mata na ƙarshe. Haɗarin gaske yana wurin wanzamin da zai yi wa kullutu sakiya ko tsaga, da shafe-shafen da ke mayar da shi gyambo yayin da lokaci ke tafiya.

Ina kira ga magidanta musamman, tunda a gidaje da yawa izini da kuɗin mota suna hannunsu: idan matarka ta ce ta ji wani abu a mamanta, kada ka ce a jira a ga abin da hali zai yi. Wadda kunya ta hana ta buɗe jiki ga namiji tana da ikon neman ma'aikaciyar lafiya mace ta duba ta, ko ta kasance tare da ita. A fara da asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa zuwa manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ina kuma roƙon jaridarka ta riƙa gayyato likitoci mata su yi wannan bayani da Hausa a kai a kai, ba sai watan Oktoba na wayar da kai ya zagayo ba.

Wassalam.

Mai karatu,
daga Zariya