Ɗigon toka ba aibi ba ne, ku dawo da baƙonku ya gyara maganarsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ba yabo ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Tun daren da kuka sa shirin nan na rediyo a kan tukwanen yumɓu raina yake a ɓace. Kwana shida ina danne zuciyata, yau dai na ga idan ban rubuto ba abin zai ci gaba da cina.

Sau huɗu baƙon da kuka gayyato ya kira ƙyallin jikin tukunya “fenti”, da kunnena na ƙirga. Wannan ma da na haƙura, don bakin mutum yakan zame. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne inda mai gabatarwa ta tambaye shi yadda mai saye zai gane tukunya mai kyau, ya amsa mata da cewa duk wadda aka ga ƙyallin jikinta ya zubo ya yi ɗigo, to maginin bai iya aiki ba, a ajiye ta a nemi mai sumul. Har dariya ya yi, ita ma ta taya shi. Malam Edita, wa ya ba ku wannan mutum? A ina ya taɓa tsayawa gaban tanderu?

Ga ɓarnar da maganarsa ta yi mini. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tara tukwanen da magina ke yi ɗaya bayan ɗaya da hannunsu, ba na masana'anta ba. Ba su da yawa, guda 23 ne, kuma ni ba mai kuɗi ba ne, kowace sai da na yi tari kafin na same ta. A cikinsu akwai wani ɗan tulu da bai kai kamu ɗaya da rabi ba. Gefe ɗaya nasa ja ne, a bushe, kamar ba a shafa masa komai ba. Ɗaya gefen kuwa, wanda ya fuskanci wuta, toka ta sauka a kafaɗarsa ta narke, ta gangaro layi uku. Biyu sun ƙare a hanya. Na ukun ya kai kusa da gindi ya tsaya, ya dunƙule ya zama ɗigo kore shar, girman ƙwayar ido bai kai ba, idan hasken safe ya faɗa kansa har cikinsa kake gani. Saboda wannan ɗigo na sayi tulun. Maginin da kansa ya gaya mini cewa cikin duk abin da ya fito daga tanderun a wannan gashi, guda biyu kaɗai suka yi haka.

Ɗan ƙanwata yana zaune a wurina yana karatu, yaro mai hankali da son taimako. Tare muka saurari shirin. Washegari na dawo daga aiki ya tare ni a bakin ƙofa fuskarsa cike da fara'a, ya ce, “Kawu, na gyara maka tulunka.” Samfefa ya samo, da ƙaramar zarto irin ta goge ƙarfe. Ya zauna ya goge ɗigon nan tas. Inda yake a da, yanzu wani farin tabo ne mai kaushi, kewaye da zane-zanen ƙarta. Na ɗauki tulun ina juya shi, bakina ya kasa furta komai. Me zan ce wa yaron? A gidan rediyo ya ji, daga bakin wanda aka gabatar da sunan masani. Laifin ba nasa ba ne, shi ya sa ban yi masa faɗa ba, na tara faɗan na kawo muku.

Tun da baƙonku bai faɗa ba, bari ni in faɗa. Abin da ke jikin irin waɗannan tukwane gilashi ne, ba fenti ba. Fenti shafa shi ake yi ya bushe, wuƙa ma tana kankare shi. Wannan kuwa narkewa yake yi a zafin da ya kai digiri 1,250 zuwa 1,300, ya haɗe da jikin yumɓun su zama abu ɗaya. A wannan zafi shi kansa yumɓun yana yin taurin dutse, ya daina tsotsar ruwa, ka ƙwanƙwasa shi da farce ka ji yana ƙara kamar ƙararrawa. Tukunyar da aka gasa a ƙaramar wuta ba ta yin wannan ƙara. Tokar itace tana ɗauke da kalsiyam mai yawa, da fotasiyam da magnisiyam da ɗan ƙarfe. Su ne ke sa silikar da ke cikin yumɓu, wato sinadarin yashi da ake yin gilashi da shi, ta narke a zafin da ita kaɗai ba za ta narke ba. Abin da ya narke kuma dole ya nemi ƙasa. To ta yaya za a ce gangarowarsa kuskure ne? Gwanintar magini ita ce ya san lokacin da zai tsayar da wuta, ɗigon ya daskare kafin ya kai gindi ya manne tukunyar da daɓen tanderu.

Haka ma abin ya samo asali. Sama da shekara 3,000 da suka wuce, maginan ƙasar Sin na zamanin daular Shang suka lura cewa tokar da wuta ke kwasowa tana sauka a kan tukwane ta bar musu ƙyalli. Daga baya aka fara kwaɓa tokar da gangan ana shafawa. A Japan har gobe akwai garuruwa irin su Shigaraki da Iga da Bizen, inda ake zuba tukwane a tanderu ba a shafa musu komai ba, a yi kwanaki ana cusa itace dare da rana, tokar da ke tashi ita za ta yi duk adon. Irin ɗigon da aka goge mini, suna gare shi a wurinsu, “idon mazari” suke ce masa, kuma masu tarawa nemansa suke yi ruwa a jallo. Baƙonku ya ce a ajiye a nemi mai sumul! Wanda yake son sumul ai ga farantan masana'anta nan, dubu ɗaya duk kamarsu ɗaya.

Na san abin da nake faɗa, don na taɓa sa hannu. Da sha'awar abin ta yi mini yawa, sai na roƙi wani magini ya bar ni in gwada haɗin kaina, in sa 'yan ƙananan kofuna a tanderunsa. Farkon abin da na koya shi ne toka tsada gare ta a wahala: ka ƙona itace kilo 100, da ƙyar ka tashi da kilo ɗaya. Na tankaɗe ta, na jiƙa a bokiti, na tsoma hannu ba safa ina damawa. Ruwan ya yi santsi kamar sabulu, ina jin daɗi, ashe fatata yake ci. Mako guda yatsuna suna saɓa. Sai da maginin ya gama dariya ya ce mini ai ruwan farko da na biyu zubarwa ake yi, ko kuma a sa safar roba, wasu ma ba sa wanke tokar sam don sun fi son yadda take gudu. Haɗin da ya ba ni shi ne wanda magina da yawa ke farawa da shi: kashi 40 toka, kashi 40 garin dutsen felsfa (wani dutse mai narkewa a wuta), kashi 20 yumɓu. Kofi shida na tsoma a ruwa ɗaya, rana ɗaya, aka gasa su a wuta ɗaya. Babu biyu da suka fito iri ɗaya. Na kusa da bakin wuta ya yi kore, ya zubo har ya manne, sai da guduma aka ɓamɓare shi. Na can baya ya fito rawaya-rawaya, a bushe kamar bai ƙoshi da wuta ba. Dalili kuwa, ƙarfen da ke cikin toka idan hayaƙi ya rufe shi ya hana shi iska, kore yake bayarwa. Idan ya samu iska sosai, sai ya koma rawaya ko ruwan ƙasa. Wannan ne ya kamata masu sauraro su ji, ba dariyar raini ba.

Kuma toka suna ta tara. Katharine Pleydell-Bouverie, wata magina a Ingila, tun daga tsakiyar shekarun 1920 ta yi ta ƙona itatuwa da tsirrai iri-iri a Coleshill, kowane dabam, tana rubuta abin da tokarsa ta bayar, don ta ga bambancin da ke tsakanin wannan bishiya da waccan. Tokar ɓuntun shinkafa kusan duk silika ce, ba ta gudu kamar ta itace, fari take bayarwa mai kauri kamar madara, wanda a Japan ake kira nuka, kuma maginin Japan Shoji Hamada ya yi aiki da shi sosai a garin Mashiko. Shi wannan Hamada shi ne suka kafa wurin ginin tukwane da wani magini Bature, Bernard Leach, a garin St Ives na Ingila a 1920, kuma ɗalibin Leach na farko, Michael Cardew, shi ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Mai gabatarwarku ta ambaci sunan Ladi Kwali a farkon shirin, na ji, na kuma yaba. Amma ku tambayi kanku: tukwanenta da aka gasa da itace, da a ce ma'aunin baƙonku aka ɗora musu, guda nawa za su tsira?

Af, har da cewa da ya yi tukunyar da ba ta da hatimi a gindi ba ta da daraja. Hamada ɗin nan yawancin aikinsa bai sa masa hatimi ba, a kan akwatin katakon da ake ajiye tukunyar yake rubuta sunansa, kuma a 1955 gwamnatin ƙasarsa ta ba shi babbar lambar girmamawa ta masu sana'ar hannu. To baƙonku ya je ya gaya wa gidajen tarihi su kwashe nasa su zubar.

Ban ce babu aibi a tukwane ba, kada a juya mini magana. Akwai. Na taɓa sayen wani kwano ban ƙwanƙwasa shi ba, na zo gida na ji ƙararsa a mace, na ɗaga shi a haske sai ga tsaga siririya kamar gashi daga baki har tsakiya. Wannan aibi ne, kuma ni na cuci kaina. Ɓantarewar baki aibi ce. Gyaran da aka yi da gam aka ɓoye aibi ne, ya ma fi muni. Amma 'yan ƙananan zane kamar saƙar gizo da ke cikin gilashin kansa ba tsagar jiki ba ce, gilashin ne ya fi yumɓun tsukewa lokacin da suke hucewa. Tabo uku ko huɗu da za ka gani a gindi, wani lokaci da siffar bawon kodi, sawun abin da aka ɗora tukunyar a kai ne don kada ta manne. Akwai ma haɗin da babu toka ko ƙwaya a ciki, alli da yumɓu ne aka auna don ya yi gudu irin na toka. Ba haramun ba ne, amma mai saye yana da haƙƙin ya tambaya a gaya masa gaskiya. Da minti biyar kaɗai kuka ba wa wannan bambanci, da tuluna yana nan lafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni kaɗai ba ne. Magina nawa ne yanzu mai saye zai ɗaga tukunyarsu mafi kyau, ya nuna ɗigon da yatsa, ya ce a rage masa kuɗi don rediyo ta ce kuskure ne? Mutum ya kwana uku bai runtsa ba yana ciyar da wuta, hayaƙi ya cika masa ido, sannan wanda bai taɓa ɗaukar itace ɗaya ba ya zauna a ɗaki mai sanyi ya rage masa daraja da jimla guda.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar masu magana ya yi ƙarfi. Mahaifiyata kunnenta ya yi nauyi, duk lokacin da aka sa shirin safe sai ta ce mini ganga kawai take ji. Na aiko da saƙo ta waya sau uku a kan wannan, ba a karanta ko ɗaya ba, amma gaishe-gaishe ana karanta su har a maimaita. Ku rage kiɗan, ko ku cire shi idan mutum yana bayani.

Buƙatata dai ita ce ku karanta wannan wasiƙa a filin da aka yi ɓarnar, a lokacin da aka yi ta, ba ku tura ta tsakar dare ba. Sannan ku gayyato magini na gaske, wanda hannunsa ke da kanta, ya zo da tukunya ɗaya mai ɗigo da ɗaya mai tsaga ya ƙwanƙwasa su a gaban makirufo masu sauraro su ji da kunnensu. Idan kun rasa wadda za a nuna, ina da tulu mai farin tabo, zan aiko muku da shi.

Wassalam.

Naku,
Wani mai sauraronku na kullum