Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu zane.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, ban da na watan azumi da muka ɗage.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne zaman da muka yi kan masu zanen bakin teku na Ingila a ƙarni na 19. Ɗaki ya cika maƙil, har wasu suna leƙe ta taga. Malamin da muka gayyato ya fara da Turner, wanda ya rasu a 1851, mutumin da ya yi ta zarya garin Margate saboda hasken sararinsa. A gabanmu malam ya jiƙa takarda, ya zuba fentin ruwa shuɗi da ruwan toka, ya bari ta ɗan sha iska, sannan ya kankare da farce yadda Turner yake yi, sai ga farin takarda ya zama kumfar igiyar ruwa. Daga nan ya kawo John Sell Cotman, da ya zauna a Yarmouth daga 1812 zuwa 1823, mai shimfiɗa launi sumul, jirgi da rairayi kowanne da iyakarsa. Ni dai hannun Cotman ya fi kwanta mini, kuma shi ya fi dacewa da mai koyo. Da yawa sai ranar suka san cewa da ƙaro ake haɗa fentin nan, irin wanda ake sa wa tawadar allo. Wajen gwaji kuwa, ƙanwarmu da ba ta taɓa ganin teku ba ita ta fi kowa fitar da hadari a kan ruwa.

Baje kolin da muka yi alkawari, na kwaikwayon ayyukan Copley Fielding da Bonington, su ma masu zanen teku ne 'yan Ingila, bai yiwu ba. Masu cewa kwamiti ya yi barci su sani: takardar fentin ruwa daga waje take zuwa, kuɗinta ya tashi, takardar ofis kuwa da ta sha ruwa sai ta yamutse. Firam ɗin ma suna wurin kafinta, rabin kuɗi kawai muka iya ba shi.

Tushen matsalar duka ɗaya ne, kuɗin wata. Fiye da rabinmu ba su biya ba. Ma'aji ya kira, ya tura saƙo, ya taka har gida. Wasu ba a ganinsu sai ranar ɗaukar hoto, amma su ne kan gaba wajen tambayar ina baje koli. Wannan ba daidai ba ne.

Duk wanda ake bi ya biya kafin taro mai zuwa, a ranar za mu sa sabon lokacin baje kolin. Waɗanda suka ari burushin ƙungiya su taho da shi.

Sakatare