Ga masu son haɗa jita mai wuya biyu da hannunsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin matasan kafintoci da makaɗa da suke sha'awar haɗa jita mai wuya biyu, ɗaya na jitar lantarki da aka saba, ɗaya kuma na jitar cinya, wadda ake kwantar da ita ana goga guntun ƙarfe a kan tsirkiyoyinta. Wannan salon kiɗa daga tsibiran Hawayi ya fito a ƙarshen ƙarni na 19. Haɗa su biyun a jiki guda kuwa ya yi suna ne a hannun mawaƙin Amurka Junior Brown, wanda Michael Stevens ya ƙera masa tasa a 1985, wuyan jita a sama, na cinya a ƙasa.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda ake ɗaukar wuyan biyu tamkar tagwaye. Jikinsu ɗaya ne kawai, amma kowanne da awonsa.

Wuyan jita irin na kamfanin Fender tsawon tsirkiyarsa milimita 648 ne daga matashin kai, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan wuya, zuwa jaki, wato wanda suke hawa a jikin jitar. Matakai su ne siraran ƙarafan da ake kafawa a gicciye a kan wuya. Ana samun gurbin matakin farko ta raba 648 da 17.817, ya ba da milimita 36.4. A cire wannan daga 648, a sake raba abin da ya rage da 17.817 don samun tazarar mataki na gaba, haka har ƙarshe. Mataki na 12 dole ya faɗa daidai tsakiya, a milimita 324. In bai faɗa nan ba, a goge a sake lissafi kafin zarto ya taɓa katako. Kuma kowane awo daga matashin kai za a ɗauko shi, ana tara tazarar matakan da suka gabata. Wanda yake aunawa daga mataki zuwa mataki, ɗan kuskuren da bai kai rabin milimita ba zai yi ta taruwa har jitar ta riƙa fitar da muryar ƙarya. Shawararmu ga mai aikin farko ita ce ya ciro wuya daga tsohuwar jita mai sandar ƙarfe a ciki, ya fafe masa gurbi mai zurfin milimita 16 a jiki mai kaurin milimita 44, ya ɗaure da sukurori huɗu.

Wuyan cinya ya fi sauƙi, amma nan ne aka fi yin ɓarna. Tsawon da aka fi amfani da shi milimita 571.5 ne. Ba ya buƙatar matakan ƙarfe ko kaɗan, tunda yatsa ba ya danna tsirkiya. Zane kawai ake yi don ido, na farko a milimita 32.1, na 12 a 285.75. Tsirkiyoyin su tashi kamar milimita 10 zuwa 12 daga katako, kuma saman su duka shida ya zama shimfiɗe ɗaya. Dalili shi ne ƙarfen gogawa miƙaƙƙe ne: in ka tsaga wa kowace tsirkiya rami mai zurfi iri ɗaya a matashin kai, masu kauri za su fi sirara tudu, ƙarfen ya hau kansu, sirarar kuwa su riƙa zizar ƙudan zuma a ƙarƙashinsa. A zurfafa ramin masu kaurin da magagari, a ɗora rula a gicciye, a duba ta fuskar haske har sai babu tsirkiyar da ta bar kafa. Jakinsa ma a miƙe yake zama. Karkatar da ake yi wa jakin jita don rama miƙewar tsirkiya idan an danna ta ba ta da aiki a nan. Ɗaurin tsirkiya, wato saitin muryoyinsu, da aka fi so shi ne C6, muryoyin daga mai kauri zuwa siririya C, E, G, A, C, E, da tsirkiyoyi masu kaurin wajen .036 zuwa .015 na inci.

Batun katako, madaci ɗan gidan itacen mahogani ne da ake yin jita da shi, kuma yana yi, sai dai ya bushe sosai. Katakon da aka yanka ɗanye da damina zai tsuke idan hunturu ya kama, gurbin wuya ya saki, gam ya tsage. Tsirkiyoyi goma sha biyu suna jan jiki da nauyin da ya haura kilo 100, don haka kada a rage naman katako tsakanin wuyan biyu, ko da ana neman sauƙin nauyi.

Sai wayoyi. Kowane wuya da maganaɗisun ɗaukar sautinsa, a haɗa su da makunni mai matsayi uku: sama, ƙasa, ko duka biyu. In babu shi, wuyan da ba a kaɗawa zai riƙa amsa amo da kansa yana dagula kiɗan. Maɓallin ƙara murya mai lamba 250k ya dace da maganaɗisu mai naɗin waya ɗaya, mai 500k da mai naɗi biyu. Ƙugin da amfilifaya ke yi yawanci daga rashin haɗa wayar ƙasa ne, wato wayar da ke kwashe tarkacen lantarki: kowane jaki, su biyun, sai an ja masa waya an liƙe ta da dalma a bayan maɓalli. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka ɗora hannu a kan tsirkiyoyi. In ƙugin ya ragu, haɗin ya yi, in bai canja ba ko ya ƙaru, jakin wannan wuyan bai samu wayarsa ba. A lulluɓe cikin ramin wayoyin da faifan jan ƙarfe, shi ma a haɗa shi da wayar ƙasa, musamman inda ake kiɗa kusa da janareta.

Mun gode da filin da aka ba mu.

Naku,
Wasu masu sana'ar ƙera da gyaran kayan kiɗa